Kun Ga Baba Ajidan Kwance, Kunka Wuce

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina cikin aji a Malbaza, alli a hannu, waya ta yi ta ɓari cikin jaka. Ba na ɗaukar waya gaban yara, amma da na leƙa na ga yayana Sule ne yake ta kira, sai gabana ya faɗi. Na ɗauka Inna ce wani abu ya samu. Na fita bakin ƙofa na ɗauka, ya ce, "Balki, Baba Ajidan ya rasu."

Na ce wane Ajidan? Sai ka ce biyu gare mu.

Na roƙi direktan makarantarmu ya duba mini yara, na nufi tasha. Kafin mota ta cika ta kai ni Illela har an kai shi makwancinsa. Yanzu ina zaune tsakar gidanmu, an idar da la'asar, ƙafata duk taɓo.

Na so in rubuta addu'a layi biyu in yi shiru kamar kowa. Wallahi na kasa. Abin da kunnena ya ji yau a gidan gaisuwa ya tsaya mini a maƙogwaro, in ban fitar da shi ba ba zan iya haɗiye ko ruwa ba. Wanda zai ji haushi ya ji.

Ga waɗanda ba ƴan garinmu ba: sunansa Nomau, tsohon soja ne. Ajidan muƙaminsa ne, shi ya bi shi har ya cinye sunan. Da ya yi ritaya ya dawo gida Illela, katanga ɗaya ta raba gidansa da namu. Ba danginmu ba ne, amma ban san dangin da ya yi mana abin da ya yi ba.

Kullum in ya fito sallar asuba sai ya ɗaura takalmin sipor ɗinsa na motsa jiki da ya sha ɗinki, ya kama hanyar gonaki da gudu. Tsoho da furfura har gira. Tun ranar farko garin ya maishe shi abin kallo.

"Ajidan, wa ya koro ka?"

Sai ya ce, "Tsuhwa ne, ɗana. Kuma bai kama ni ba tukuna."

Akwai wani babban gawo bakin hanyar, in ka bar gidajen ƙarshe. Nan yake tsayawa. In ya gama gudunsa sai ya kwanta rigingine a gindin, ya jingina ƙafafunsa sama jikin iccen, wai don jini ya koma gida. Masu amalanke da masu moto, wato babur, in sun zo wucewa sai su ɗaga murya, "Gardabu!" irin tsawar da ake yi wa soja ya ƙame. Shi kuma daga kwancen sai ya sara musu, ya ce, "Lahiya lau!" A yi dariya a wuce.

Bai taɓa fasa amsawa ba. Ko yaro ƙarami ne ya tsokane shi sai ya ɗaga hannun nan. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Samarin da ke son shiga soja ko jandarma wurinsa suke zuwa kafin gwaji. Shi yake koya musu numfashi, da yadda ba a ƙona ƙarfi tun farkon tsere, ya sa su tsallen kwaɗo har su yi ta kiran iyayensu. Bai taɓa karɓar ko goro ba. Da yawa yau suna cikin kaki, na ga sun ɗora hotonsa a status. Allah ya saka, ba da ku nake ba.

Doka ɗaya gare shi, kuma ba ya wasa da ita: wanda ya riga isa gindin gawo ba ya zama. Sai ya juya ya koma ya taro na baya, su iso tare. Saurayi ya zo na ɗaya yana huci yana jiran yabo, Ajidan ya nuna masa hanya da baki ya ce, "Koma. Ba ka iso ba."

Ni abin da ya haɗa ni da shi Inna ce.

Shekarun baya tansiyo, wato hawan jini, ta kada Inna, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Anka sallamo ta daga gidan likita da magunguna, majo, babban ma'aikacin wurin, ya ce lallai a riƙa motsa ta. To mu nan kun san tausayinmu. In muna son mutum sai mu kwantar da shi mu lulluɓe, mu kawo fura mu ajiye masa kusa da kai. Haka Inna ta kwanta har fatar bayanta ta fara saɓulewa. Ta daina magana da kowa, sai kallon rufin ɗaki.

Wata safiya Baba Ajidan ya yi sallama ya shigo har bakin ɗakin. A hannunsa sanda, ya sassaƙe ta da kansa, ya ɗaure mata guntun roba na tsohuwar taya a gindi don kar ta zame. Ya tsaya daga waje ya ce, "Hajo, tashi."

Inna ta zage shi. Da bakin nan nata da ya karkace ta zage shi tas, har da kakansa. Ya juyo wurinmu yana murmushi ya ce, "Alhamdulillahi, harshe ya warke. Saura ƙahwa."

Daga gado zuwa ƙofar ɗaki anka fara, matar Yaya Sule na tallafe da ita, shi yana daga tsakar gida yana ba da umarni. Sannan zaure. Sannan kwanar masallaci. Ta yi kuka, ta yi fushi, ta taɓa jifarsa da sandar. Washegari ya dawo kamar ba a yi ba.

Ranar da Inna ta taka da ƙafarta har gindin gawo, Yaya Sule ya kira ni yana kuka kamar yaro. Shi ɗin nan da zan ba ku labarinsa a ƙasa.

Daga nan wasu tsofaffin mata sunka fara biyo ta. Mai tansiyo, mai ciwon suga, mai gwiwa. Da hijabansu da silifas, suna tafiya suna hira suna tsegumi. Garin ya sa musu suna sojojin Ajidan. Shi kuwa ba ya shiga cikinsu, can baya yake tafiya, hannu goye a baya, ya bar tazara don kunya. Aljihunsa ba ya rabuwa da dabino, saboda in jiri ya ɗebi wata.

Ganina da shi na ƙarshe watan jiya ne, da na zo ganin Inna. Na ce bari in bi su. Na sa sabon takalmina, na bar tsofaffi a baya, na isa gindin gawo na zauna kan saiwa ina ɗaukar hoto. Sai ga shi ya ɗan sassarfo ya tsaya kaina. Madam lakwal yake ce mini, wato malamar makaranta.

"Madam lakwal, kin iso?"

Na ce, "Na iso, Baba."

Ya ce, "Ba ki iso ba. Uwarki na baya."

Kunya ta kama ni, na tashi na kakkaɓe zane. Munka koma tare. A hanya ya ce mini tun suna kurata anka cusa musu wannan. In an fita atisaye cikin daji da kaya a baya, ba a duba wanda ya riga dawowa, na ƙarshe ake dubawa. In ɗaya ya ɓace, duk ku juya, ko da kun ga ƙofar bariki. Ya ce, "Gudu kowa na iyawa, ɗiyata, ko jaki na gudu. Waiwaye shi ne aikin."

Da za mu rabu ya ba ni dabino, ya ce in riƙa fitar da ƴan lakwal suna zagaya fili, kar in bar su zaune kamar buhunan hatsi. Na yi dariya na ce to.

Shi ke nan tsakanina da shi.

Yanzu ku ji abin da ya faru yau.

Jiya anka yi ruwan shuka a Illela, ruwa mai kyau. In an yi ruwa Ajidan ba ya barin tsofaffin su fita, kar wata ta zame. Don haka shi kaɗai ya kama hanya bayan asuba. Kuma kun san safiyar ruwan shuka, garin kaf ya fashe ya nufi gona, da amalanke da moto da ƙafa, kowa da ƙwaryar irinsa. Duk shekara babu ranar da hanyar nan ke ɗaukar mutane kamar yau.

A gindin gawo ya faɗi.

Ba rigingine yake ba. Ƙafafunsa ba sa jikin icce. A kife yake, rabin fuska cikin taɓo, takalmi ɗaya ya fice.

Ta ina na sani? Daga bakinku na ji, mutanen garinmu. Ina kai ruwa rumfar maza a ƙofar gidansa na ji wani dattijo, ba zan faɗi suna ba, ya san kansa, yana cewa, "Wallahi ni na gan shi! Na wuce bisa moto, har na ce mishi gardabu." Wani ya karɓe, "Ni ma na gan shi, ina cikin amalanke da yara, munka ce yau Ajidan sabon salo ya hiddo." A cikin gida ma wata ta dafa ƙirji ta ce, "Ayya, ashe lokacin da na gan shi kwance ciwo ne."

Suna ta rige-rigen wanda ya gan shi na ƙarshe, sai ka ce kyauta za a raba.

Na ajiye butar. Da ba gidan mutuwa ba ne da sun ji bakina.

Don Allah ku gaya mini, wane atisaye ake yi da hanci cikin taɓo? Shekara da shekaru kuna ce masa gardabu yana sara muku. Yau kun ce, bai ɗaga hannu ba, bai ce lahiya lau ba. A cikinku duka babu wanda zuciyarsa ta ce masa, kai, yau fa bai amsa ba?

Danshi ba ya jira, na sani. Ni ma ɗiyar manomi ce. Amma taka birki ka ce "Baba, lafiya?" ba zai busar maka da gona ba.

Kuma gawo da damina ba ganye gare shi ba, ya zubar. Rana ta fito ta same shi nan ba inuwa.

Kun san wa ta tsaya? Wata Bafillata mai tallan nono, daga wata ruga can nesa take, ba ta taɓa ganinsa ba. Ba ta san wasan gardabu ba. Ita abin da idonta ya nuna mata, ga tsoho a kife bakin hanya. Ta sauke ƙwaryarta, ta juya shi, ta share masa fuska da gefen zanenta, ta tsaya tsakiyar hanya ta buɗe hannuwa tana ihu har wani mai amalanke ya tsaya dole. An ce da farko ma dariya ya yi mata, ya ce, "Ke bar shi, sipor yake."

A lokacin da sauran numfashinsa. A ƙofar likita ya cika.

Na nemi matar in yi mata godiya, an ce ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi tun kafin a yi wanka. Ko sunanta ba wanda ya tambaya. Baƙuwa ta fi ƴan gari, wannan kunyar tamu ce har abada.

Kar wani ya shigo mini comment da wa'azin ajali. Na yi makarantar allo kamar kowa, na san rai ba ya ƙara minti. Da an kai shi da wuri wataƙila da ya tashi, wataƙila da bai tashi ba, Allah ya bar wa kansa sani. Majo ma haka ya ce wa Yaya Sule, shi bai san ainihin abin da ya kada shi ba, abin da ya sani an makara kawo shi. Ba mutuwarsa nake tuhuma ba. Wucewarku nake tuhuma.

Mutumin da bai taɓa barin kowa a baya ba.

To da a nan abin ya tsaya da na haɗiye. Sai ga shi tun kafin ƙasar kabarinsa ta sha iska an samo wa garin mafita. Wai gudu ne ya kashe shi. A rumfa ake faɗa, a cikin gida ake faɗa. "Dama mun sha faɗa mishi." "Tsoho ya zauna ya ja carbi mana." Kowa ya samu inda zai rataya laifin ya wanke hannunsa.

Kuma maganar ba a banza ta tafi ba. Kafin azahar na ji gida biyu an ce wa tsofaffin daga yau ba mai sake fita. Ɗaya mai ciwon suga ce, wadda tafiyar nan ce ta sa ƙafarta ta daina kumburi.

Na dawo gidanmu na tarar da na uku.

Yaya Sule ya ɗauke sandar Inna ya ɗora can kan rufin rumbu, inda hannunta ba zai kai ba. Inna na zaune kan tabarma, idonta ya kumbura da kuka tun safe. Ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, don Allah ki yi haƙuri. Kin ga abin da ya samu Ajidan, shi da yake soja. Ke da tansiyo. Daga yau ki zauna gida, komi kike so a kawo miki."

Ba mugunta ba ce, tsoro ne, na ga idonsa. Amma na san abin da zaman nan ke nufi. Na ga bayan Inna wancan karon, ni na riƙa shafa masa magani. In ta koma ɗakin nan ta kwanta, ba mu da wani Ajidan da zai zo ya ce mata tashi.

Na buɗe baki zan yi masa tatas, Inna ta ɗaga hannunta mai lafiya ta tsayar da ni.

Maganarta a hankali take fita tun ciwon, sai ka jira. Munka jira.

Ta ce, "Sule. Da nike kwance cikin ɗakin can, kowa ya zo sai ya leƙo ya ce sannu Inna, ya wuce. Garin ga duka ya ce mini sannu. Mutum guda ne ya tsaya."

Yaya Sule ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Gobe in Allah ya kai mu ina tahiya gindin gawo. In ka ba ni sandata, da ƙahwa. In ba ka ba ni ba, da rarrahe. In ka zo wucewa bisa motonka ka gan ni kwance bakin hanya, ba sai ka tsaya ba. Ka ce mini gardabu."

Baki in ya san abin da zai faɗa, bai san abin da za a mayar masa ba.

Can Yaya Sule ya tashi, ya jawo turmi ya kife, ya taka ya sauko da sandar. Ya goge ta da rigarsa, ya ajiye mata kan cinya. Ya ce, "To Inna, wa za ya tsaya muku baya? Ajidan ne ke baya."

Inna ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Kai ƙahwarka ta shanye ne?"

Don haka ga sanarwa, kuma ba izinin kowa nake nema ba. Gobe bayan sallar asuba sojojin Ajidan za su fita. Na kira direkta na ce sai jibi. Ni zan riƙe gefen Inna, Yaya Sule zai tsaya baya da dabino a aljihu. Ku da kunka kulle iyayenku yau, ku je ku tambayi majo ko zama ne maganinsu. In tsoro kuke ji, ku rako su.

Masu dariya kuma hanya a buɗe take, ku zo ku yi. Mun saba.

Abu ɗaya nake roƙo, da ku da duk wanda ya karanta wannan a Konni ko Bazaga ko ina ne. In kun ga mutum kwance bakin hanya ku tsaya ku yi masa magana, kar ku gusa sai ya amsa. Ko kun san shi da wasa. Musamman ma in kun san shi.

Ya Allah, ga bawanka Nomau ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa inuwa inda ya kwanta. Duk takun da Inna ta yi da wanda za ta yi gobe, ka zuba masa a mizani. Ka ba iyalinsa haƙuri. Baiwarka mai nono da ta sauke ƙwaryarta, kai ka san sunanta, ka tsaya mata ranar da take neman mai tsayawa.

Ku kuma da kunka karanto har nan, kar ku danna like ku wuce. An wuce shi da yawa yau. Ku tsaya ku karanta masa Ƙulhuwallahu.